Ɗaurin aure a Maiduguri: mu je da ƙafarmu ko mu aika da gudummawa?

Baban Walida (Fagge):
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawararku a kan wata magana da muka kasa tsayar da ita a gidanmu. An aiko mana da goron ɗaurin aure daga Maiduguri, daga gidan aminin marigayi mahaifinmu, za su aurar da jikanyarsa ranar Asabar, nan da mako uku. Mahaifinmu fataucin goro ya yi, kuma tun shekarun 1970 idan ya kai huhunan goro Barno a gidan wannan bawan Allah yake sauka, shi ne fatomansa, har abin ya wuce ciniki ya zama 'yan'uwantaka, aka riƙa yi wa juna takwara. Dattawan biyu duk sun riga mu gidan gaskiya. Mahaifiyarmu, wadda ta haura shekara 70, ta dage sai ta je da kanta, ƙannena biyu kuwa suna ganin a haɗa kuɗin mota da na guzuri a tura musu ta banki, ya fi amfani kuma ya fi kwanciyar hankali. Ni ne babba, duk ni aka zuba wa ido, shi ya sa na kawo maganar gabanku.

Alhaji na Kwari:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan magabata, ya sanya albarka a auren. Ni dai ra'ayina yana tare da na ƙannenka, kuma zan faɗi dalilina ba tare da kwana-kwana ba. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta wuce 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma haura 1,000 kafin ƙarshen 2024, kuɗin mota kuwa bai sake komawa inda yake a da ba. Tsakanin Kano da Maiduguri kusan kilomita 600 ne. Idan mutum biyar ko shida suka tashi, aka lissafa zuwa da dawowa da abinci da tsaraba, abin da za a kashe zai iya ɗauke wa iyayen amarya wani babban ɓangare na kayan ɗaki. Kada kuma a manta da abin da mutanen garin suka gani a 'yan shekarun nan: gobarar babbar kasuwar Monday a watan Fabrairu na 2023, sannan ɓallewar madatsar ruwa ta Alau a watan Satumba na 2024, wadda ta shafe unguwanni da dukiyar jama'a. Gidan da yake farfaɗowa daga irin wannan jarrabawa ya fi buƙatar kuɗi a hannu fiye da baƙin da za a shimfiɗa wa tabarma a dafa musu abinci kwana uku.

Gwaggo ta Yakasai:
Alhaji, lissafinka babu kuskure a ciki, amma ba shi ne lissafin da Hajiya take yi ba. Mace mai shekara 70 da ta ce za ta shiga mota ta yi yini guda a hanya ba shagalin biki take marmari ba, ta ga bukukuwa har ta gaji da su. Akwai abin da take son saukewa daga wuyanta, kuma ya kamata a tambaye ta mene ne kafin a yanke mata hukunci. Baban Walida, ina da tambaya biyu gare ka, ɗana. Shin uwargidan aminin mahaifinku tana raye? Sannan lokacin da mahaifinku ya rasu, sun zo muku gaisuwa ko aike suka yi?

Baban Walida (Fagge):
Gwaggo, tana raye, sai dai ƙafa ta hana ta fita, kuma rabonsu da ganin juna da Hajiyarmu ya daɗe. Game da rasuwa kuwa, mahaifinmu ya rasu a 2014, lokacin da kowa ya san halin da hanyar Damaturu take ciki. Duk da haka dattijon ya zo da kansa, da matarsa da babban ɗansa, suka zauna tare da mu a zaure ana karɓar gaisuwa har aka yi addu'ar bakwai. Da shi ya rasu bayan 'yan shekaru, ni kaɗai na je, na kwana ɗaya na juyo, Hajiya ba ta samu zuwa ba saboda a lokacin tana kwance.

Gwaggo ta Yakasai:
To ka ga amsar tana cikin bakinka. Mutanen da suka ratsa waccan hanya a waccan shekara don su zauna muku makoki ba mutanen da za a sallama da saƙon banki ba ne. Hajiya tana ɗauke da gaisuwar mutuwar da ba ta kai ba, ga kuma ƙawarta da ba za ta iya tasowa ba, kuma su biyun sun san cewa dama irin wannan ba lallai ta sake samuwa ba. Iyayenmu da suka ce zumunci a ƙafa yake sun faɗa ne a lokacin da tafiya ta fi ta yau wahala nesa ba kusa ba. Mu mata mun san cewa gudummawar biki ana ramawa, wadda ta kawo miki turmin atamfa kina mayar mata da fiye da haka idan nata ya tashi, amma zuwan mutum da kansa ba a rama shi sai da zuwa.

Malam na Madabo:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Ina so in raba maganar gida biyu, domin ana yawan cakuɗa su. Na farko shi ne amsa gayyata. Ya tabbata cewa amsa kira yana cikin haƙƙoƙin Musulmi a kan ɗan'uwansa, kuma malamanmu na Malikiyya suna ganin wajabcin halartar walimar aure ga wanda aka gayyata shi a karan kansa. Sai dai sun ambaci uzurorin da suke sauke wannan nauyi, kamar rashin lafiya, da tsoro a kan rai ko dukiya, da wahala mai tsanani, da kasancewar abin ƙi a wurin taron. Saboda haka wanda ke Kano aka gayyace shi Maiduguri bai samu zuwa ba, ba za a ce ya yi zunubi ba, kuma kada kowa ya ɗora wa ƙannenka laifin da shari'a ba ta ɗora musu ba.

Na biyu kuwa shi ne wanda ya fi shafar wannan gida, wato sada zumunci da aminan mahaifi bayan rasuwarsa. Imam Muslim ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar, Allah ya ƙara musu yarda, ya gamu da wani balaraben ƙauye a hanyar Makka, ya ba shi jakin da yake hawa da rawanin da ke kansa. Abokan tafiyarsa suka nuna masa cewa irin waɗannan mutane abu kaɗan ma yana isar su, sai ya ce mahaifin wannan mutum masoyin Umar ne, kuma ya ji Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana cewa mafi girman biyayya ita ce ɗa ya sadar da masoyan mahaifinsa. A lura cewa ba aminin Umar ɗin ya gamu da shi ba, ɗansa ne. Wannan yana nuna cewa haƙƙin ba ya ƙarewa da mutuwar dattawan, yana gangarowa kan 'ya'ya. Idan aka haɗa wannan da biyan buƙatar mahaifiya mai rai, to tafiyar ta tashi daga zuwa biki ta zama biyayya ga iyaye biyu a lokaci guda, muddin lafiyar Hajiya za ta ɗauka kuma hanya ta yi kyau.

Abban Nana (Tarauni):
Allah ya gafarta Malam, na gamsu da hujjar, amma ku ba ni dama in faɗi abin da nake zaton yana zuciyar ƙannen Baban Walida, domin sa'o'ina ne. Mu da muka taso daga baya ba mu san waɗannan gidaje ba. Muna jin sunayensu a bakin iyaye, amma idan muka gamu da jikokinsu a Kantin Kwari ba za mu gane su ba, su ma ba za su gane mu ba. Mutum zai bar aikinsa, ya kashe abin da bai da shi, ya je ya zauna cikin taron da ake magana da Barbarci, ya gaisa da mutum biyu ya dawo. Ba rashin mutunci ba ne ya sa matasa suke ja da baya, rashin sabo ne. Ga shi kuma yanzu ana iya kiran waya ta bidiyo, tsofaffin biyu su ga juna su yi hira yadda suke so.

Gwaggo ta Yakasai:
Ɗana, abin da ka faɗa gaskiya ne, kuma shi ne babban dalilin da ya sa nake cewa a je. Rashin sabon da kake magana a kai ba daga sama ya faɗo ba, daga rashin zuwa ya samo asali. Mahaifin Baban Walida ma ranar da ya fara sauka a gidan nan baƙo ne, bai san kowa ba. Idan tsofaffi kaɗai ke zuwa, ranar da suka kau zumuncin ya bi su. Ni da za a bi tawa, ɗaya daga cikin ƙannen nan masu ja da baya shi ne zai fara shiga motar, a kuma ɗauki saurayi ɗaya ko budurwa ɗaya cikin jikoki, su je su ga ɗakin da kakansu yake kwana, su karɓi lambobin sa'o'insu. Batun waya kuwa, tsohuwa mai raunin ji da gani ba ta samun komai daga wannan ƙaramin gilashi sai ƙarin kewa.

Baban Khalifa, direba (Hotoro):
Tunda magana ta karkata ga tafiya, bari in sa baki a ɓangaren da na sani, domin wannan hanya ita ce sana'ata. Daga Kano za ku fita ta Hotoro da Mariri, ku haye gadar Wudil, ku bi ta Shuwarin kusa da Dutse, sai Azare, sai Potiskum, sai Damaturu, daga nan kuma ku kama zangon ƙarshe na kimanin kilomita 130 ta Ngamdu da Benisheikh da Mainok da Jakana da Auno har ƙofar shiga gari a Njimtilo. An mayar da yawancin hanyar tagwaye, amma akwai wuraren da ake haɗa hannu biyu a titi ɗaya, ga shingayen bincike masu yawa bayan Damaturu, don haka duk wanda ya ce muku tafiyar awa shida ce kada ku gina shirinku a kan maganarsa. Ku ɗauka yini ne guda.

Abin da ba na wasa da shi shi ne lokacin tashi. A yi sallar asuba a mota ko a tasha, gari na wayewa a kama hanya, domin a wuce Damaturu rana tana tsaka. Jami'an tsaro suna rufe hanyar shiga Maiduguri da yamma, kuma kowa ya tuna abin da ya faru a Auno a watan Fabrairu na 2020, inda matafiyan da suka iske an rufe ƙofa suka kwana a bakin hanya, aka far musu cikin dare aka kashe mutane aƙalla 30. Al'amura sun yi sauƙi sosai idan aka kwatanta da wancan lokaci, motoci suna zuwa suna dawowa kullum, amma ƙa'idar direbobi ba ta canza ba: idan la'asar ta riske ka a Damaturu, ka kwana a Damaturu. Kwana ɗaya kafin tafiya a tambayi direbobin da suka dawo a ranar, su ne za su faɗi halin da hanya take ciki da lokacin da ake rufewa. Kowa ya riƙe katin shaidarsa a aljihu, ba a cikin akwati ba. Sannan tunda da dattijuwa za a tafi, shatar ƙaramar mota ta fi shiga motar haya, domin za ku iya tsayawa a Azare da Potiskum ta miƙe ƙafa, ta yi alwala, ta sha maganinta a kan lokaci.

Maman Sadiq (Gwammaja):
A unguwar Gwange ta Maiduguri na girma kafin aure ya kawo ni Kano, saboda haka ina so in amsa damuwar Alhaji na Kwari game da ɗora wa masu gida nauyi. Damuwar tana da tushe, domin Gwange tana cikin unguwannin da ruwan Alau ya yi wa ɓarna, kuma na san gidajen da har yanzu ba su gama gyara ba. Amma wanda ya san mutanen Barno ya san cewa ba sa kallon baƙon nesa a matsayin nauyi. Zuwan mutanen Kano ɗaurin auren 'yarsu abin alfahari ne da za a yi ta faɗa a dangi, musamman a gaban dangin ango. Abin da yake wahalar da su shi ne baƙin da ba a san da zuwansu ba, ko aka ce mutum uku za su zo sai ga mota cike. A kira babban ɗan gidan tun yanzu, a faɗa masa adadi da ranar isowa da ranar komawa. Hajiya da 'yar rakiyarta su sauka a cikin gida wurin uwargidan, domin kai ta otal zai zama cin fuska ga su biyun. Maza kuwa su bar wa masu gida zaɓi, idan an ba su ɗaki a maƙwabta su karɓa, idan sun ga wurin ya cushe su nemi masauki da kansu ba tare da an yi surutu a kai ba.

Game da hidimar bikin, ba dole ne a halarci komai ba. Akwai sa lalle da sauran al'adun mata da ake farawa tun tsakiyar mako, akwai daren wushe-wushe da ake yi kafin ɗaurin aure, wanda yakan kai dare sosai, kuma babu wanda zai ga laifin dattijuwa idan ta zauna a ɗaki. Anko ma ba a tsammaninsa daga baƙin wani gari, kada a wahalar da kai a kansa. Tsaraba kuwa a kai abin da aka san Kano da shi: shadda ko atamfa daga Kwari, rinin Ƙofar Mata ga uwargida, alkaki da dubulan da nakiya don a raba wa mata. Kada a sayi turaren wuta ko humra a kai Maiduguri, can ne gidansu, da su za a sallamo ku.

Alhaji na Kwari:
Na karanta bayanan Gwaggo da na Malam da na Maman Sadiq, kuma da na san tun farko cewa sun zo gaisuwa a 2014 da na sassauta maganata. Amma akwai abu biyu da ban janye ba. Na farko, kada tafiyar ta cinye gudummawar. Na sha ganin an kashe komai a mota da ɗinki, aka isa gidan biki da ambulan da ba ta kai kuɗin abincin da aka ci ba. A fara ware abin da za a ba iyayen amarya, a tura musu tun wannan mako lokacin da suke sayayya, abin da ya rage shi zai nuna mutum nawa za su iya tafiya. Na biyu, kada a ci bashi saboda wannan tafiya. Idan abin da ke hannu na mutum uku ne, mutum uku su je. Sannan ina roƙon Baban Walida ya kai Hajiya wurin likitanta kafin ranar, a duba ta a ji ko za ta iya zaman mota na yini guda, domin idan wani abu ya same ta a hanya, waɗannan ƙannen da suka ce kada a je ba za su manta ba, kuma zumuncin cikin gida ya fi na waje kusa.

Malam na Madabo:
Sharuɗɗan Alhaji biyu daidai suke, kuma maganar likita ita ce gaba da komai. Idan likita ya hana, sai 'ya'ya su je a madadinta, su kai saƙonta baki da baki.

Baban Walida (Fagge):
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Daren jiya na karanta wa ƙannena abin da kuka rubuta, muka daɗe muna tattaunawa. Ƙaramin har yanzu yana ganin tura kuɗi ya wadatar, amma ya ce zai ba da kasonsa cikin gudummawa da kuɗin mota, kuma ban matsa masa ba. Mai bi mini ya yarda ɗansa na fari, wanda yake ɗauke da sunan dattijon na Maiduguri kuma bai taɓa taka garin ba, ya bi mu. Don haka mu huɗu ne: Hajiya, da ƙanwarmu da za ta kula da ita, da ni, da yaron. Ranar Litinin za mu je asibiti, gudummawa kuma za ta tafi gobe in Allah ya so. Niyyarmu mu tashi ranar Juma'a mu dawo Litinin. Allah ya gafarta Malam, yaya hukuncin sallarmu a can, ƙasaru za mu yi ko cikawa?

Malam na Madabo:
Nisan da ake yin ƙasaru a mazhabarmu mil 48 ne, wato kimanin kilomita 80, kun ga tafiyarku ta ninka shi sau da yawa. Za ku fara ƙasaru da zarar kun bar gine-ginen Kano a bayanku, kuma ya halatta ku haɗa azahar da la'asar a hanya. Idan kun isa, matuƙar ba ku yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku ba, hukuncin matafiya yana kanku, sai dai duk sallar da kuka bi limamin gari to ku cika tare da shi. Hajiya da ƙanwarku idan suna salla su kaɗai a ɗaki, raka'a biyu za su yi a azahar da la'asar da lisha. Juma'a ba ta wajaba a kan matafiyi, amma da za ku iya tsara tafiyar yadda ba za ta riske ku a kan hanya ba, da ya fi.

Baban Khalifa, direba (Hotoro):
Ni ma a kan ranar nake son yin gyara. Juma'a ce ranar kasuwar Wudil, manyan motocin shanu da na hatsi sukan cushe wajen gada, ga kuma garuruwan da ake tare titi lokacin salla, kowane ɗaya zai ci muku lokacin da kuke buƙata a zangon ƙarshe. Ku tashi Alhamis. Hajiya za ta samu yinin Juma'a ta huta ta zauna da ƙawarta kafin gida ya cika, ku maza ku yi salla a gari ku ziyarci sauran dattawan unguwa, Asabar a ɗaura aure, Lahadi da safe ku juyo da zarar an buɗe hanya. Idan kun tsayar da shawarar shata, ka yi mini magana ta gefe kafin ƙarshen mako, in haɗa ka da wanda yake bin hanyar kullum kuma motarsa tana da sanyi, domin zafin da ke tsakanin Potiskum da Damaturu da rana ba na dattijuwa ba ne.

Maman Sadiq (Gwammaja):
Idan kun kira babban ɗan gidan, a faɗa masa irin abincin da likita ya hana Hajiya, domin girkin biki a can yana da maiƙo da zaƙi, kuma ba za ta iya buɗe baki ta ƙi abin da ƙawarta ta sa aka kawo mata ba. Ƙanwarku ta ji wannan tun daga nan, ita ce za ta shiga madafa ta yi magana da matan gidan.